WAIWAYE: Musa Ɗanƙwairo da Verdi na Italiya: Ina makomar waƙar da ba a rubuta ba?

Shekara 30 da ɗoriya ke nan da rasuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, amma har yau da wuya a yi naɗin sarauta ko hawan salla a ƙasar Hausa ba a ji muryarsa tana tashi daga lasifika ba. A garuruwan masarautar Gwandu, tun daga Malisa da Kambaza har zuwa Kalgo da Birnin Kebbi, waƙoƙinsa na cikin abin da masu tura waƙa ke zuba wa dattawa da samari a memorin waya ranar kasuwa.

Sai dai mafi yawan masu sauraron nan ba za su iya faɗin shekarar da aka yi waƙar da suke ji ba, ko garin da aka ɗauke ta, ko sunayen mutanen da ke karɓa wa Ɗanƙwairo a cikinta. Sau da yawa waƙar kan zo a gutsure, an yanke mata kai ko an datse mata wutsiya, domin daga kaset aka kwafo ta, shi ma kaset ɗin daga wani aka kwafo shi.

A can ƙasar Italiya akwai wani gwanin tsara waƙa mai suna Giuseppe Verdi, wanda ya riga Ɗanƙwairo barin duniya da shekara 90 cif. Duk da wannan tazara, ana iya buɗe takarda a yau a ga ranar da aka fara rera kowane babban aikinsa, da gidan wasan da aka yi shi, da sautin da ya tsara wa kowace murya. Idan aka jera rayuwar mutanen biyu, za a ga sun yi tarayya a abubuwa da dama, kuma za a ga inda hanyarsu ta rabu. A wannan mararraba ne makomar waƙoƙin Ɗanƙwairo take.

Daga Bakura zuwa fadar Maradun

An haifi Musa a ƙasar Bakura wajajen 1909, a gidan da kiɗa ya zama gado. Mahaifinsa shi ne Usman Ɗankwanda, kakansa kuwa ana kiran sa Kaka Maiganga. Asalin kiɗan gidan na noma ne, irin wanda ake yi wa manoma a bakin gona lokacin gayya domin a zuga su, su manta da gajiya. Daga baya gidan ya koma Maradun, ya shiga hidimar fadar Sarkin Ƙaya, kiɗan noma ya ba kiɗan sarauta wuri.

Ɗanƙwairo laƙabi ne, kuma daga cikin ƙungiyar mahaifinsa ya samo shi. Akwai wani mai zaƙin murya a cikin yaran gidan da ake kira da wannan suna. Da Musa ya fara shiga amshi tun yana yaro, aka ji muryarsa ta ɗauko ta wancan, sai sunan ya bi shi har ya shafe na yanka.

Makarantar makaɗin fada ita ce bayan ubansa. Yaro kan fara da ɗaukar kaya da sauraro, sannan a bar shi ya sa baki a amshi, sannan a ba shi abin kiɗa. Haka Musa ya taso. Bayan rasuwar mahaifinsu, yayansa Kurna ne ya gaji jagorancin ƙungiyar, shi kuma ya zama Daudun Kiɗi, wato na biyu a gidan, wanda ke tsaye kusa da jagora, yake kuma riƙe ragamar 'yan amshi. Shekarun da ya yi a wannan matsayi su ne suka sa ya san aikin amshi ciki da bai, kuma da ya kafa tasa ƙungiyar, a nan ne ya fi nuna bajinta.

A lokacin, Bakura da Maradun da Gwandu da Kalgo duk a Lardin Sakkwato suke, daga baya kuma suka zauna a jiha ɗaya. Sai a 1991, shekarar da Ɗanƙwairo ya rasu, aka yanke Jihar Kebbi, sannan a 1996 aka yanke Zamfara. Saboda haka ga mutumin Malisa, Ɗanƙwairo makaɗin gida ne. Hausar da yake waƙa da ita, mai «munka» da «sunka» da «shina» da «wanga», wadda ke mayar da Tsafe ta koma Tsahe, ita ce Hausar da ake ciniki da ita a kasuwannin Gwandu. Abin da ɗan Kano zai tsaya ya tambayi ma'anarsa, tsohon Malisa ya riga ya gane shi har da habaicin da ke ƙarƙashinsa.

Yadda ake gina waƙar kotso

Kayan kiɗan fada suna da martaba daki-daki. Tambari da kakaki na sarki ne shi kaɗai. Taushi da jauje da kotso kuwa su ne makaɗan fada ke rera waƙa da su. Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da taushi ya yi suna. Ibrahim Narambaɗa na fadar Sarkin Gobir na Isa da Sa'idu Faru da Ɗanƙwairo kuwa masu kotso ne.

Kotso ganga ce mai tsukakken ciki, fuskarta ɗaya, ɗaya bakin a buɗe yake. Ana rataya ta a kafaɗa, a kaɗa ta da yatsu, a riƙa matsa tsarkiyarta ana sassautawa domin sautin ya hau ko ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kotso na iya bin hawa da saukar magana har mai sauraro ya ji kamar gangar ce ke faɗin kirarin.

Waƙar fada tana da gindi, tana da ɗiya. Gindi shi ne ɗan taƙaitaccen zancen da ake komawa gare shi a kai a kai, kuma shi ke ɗauke da sunan wanda aka yi wa waƙar ko babbar siffarsa. Ɗiya su ne rassan da ke fita daga gindin: wani ya kawo asali da jerin kakanni, wani ya kawo yabon kyauta, wani ya yi gargaɗi, wani ya yi zambo ga abokin hamayya. A gefe kuma ga sanƙira, mai jefa kirari da ƙarfi yana ƙara wa wuri armashi.

A wajen makaɗa da yawa, aikin 'yan amshi bai wuce maimaita gindi ba. Wanda ya saurari Alhaji Mamman Shata zai ji haka: Shata ne ke zuba zance, sau da yawa nan take yake ƙirƙirar sa, yaransa kuma su mayar da amshi. Tsarin gidan Ɗanƙwairo dabam ne. Jagora kan ɗauko jimla ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su ƙara nasu zancen a kai, wani lokaci su miƙa wa juna magana, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka, murya mai kauri a ƙasa, siririya a sama, har su haɗu a gindin waƙa a bugu ɗaya. Akwai ɗiyan da jagora ke buɗe su da kalma biyu ko uku kawai, sauran duk a bakin 'yan amshi suke.

Irin wannan ba ya yiwuwa da ka. Dole sai an zauna a gida an tsara, an raba wa kowa inda zai shiga da inda zai fita, an yi ta bita har ta zauna. Wannan ne ya sa kiran Ɗanƙwairo maroƙi kawai tauye masa haƙƙi ne. Mai tsara waƙa ne da ke rubutu a kan ƙwaƙwalwar mutanensa, kuma kowane ɗan amshi shafi ne na littafin.

Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, marubucin Makaɗa da Mawaƙan Hausa, sun daɗe suna fayyace wannan tsari da sunayen sassansa. Tun a 1971 ma David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Ilimin yana nan, sai dai bai kai yawan waƙoƙin ba.

Zamanin Sardauna

Abin da ya fitar da Ɗanƙwairo daga Maradun zuwa kunnen Arewa baki ɗaya shi ne haɗuwarsa da Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966. Zamani ne da sarauta da siyasar jam'iyya suka cuɗanya. Jam'iyyar NPC tana mulki, NEPU tana adawa, sarakuna suna zama a majalisarsu ta Kaduna, wadda Sarkin Gwandu Haruna Rashid ya shugabanta. Kowane ɓangare na bukatar muryar da za ta kai saƙonsa ƙauye, inda jarida ba ta zuwa.

Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna waƙoƙi da dama, wadda ta fi shahara ita ce ake kira Mai Dubun Nasara. Ya ɗauki ma'aunin da ake auna sarki da shi, wato asali da jaruntaka da kyauta da riƙon addini, ya auna ɗan siyasa da shi. Da yake Sardauna jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, ma'aunin ya zauna daidai. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, sai waƙar da a da sai wanda ya je ƙofar fada ke jin ta, ta shiga zaurukan ƙauyuka.

Kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairu, 1966 ya rufe wannan babi, amma bai rufe bakin makaɗin ba. Ya ci gaba da zagaya fadoji. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi minista a gwamnatin Sardauna kafin ya hau gadon sarauta a 1966, waƙoƙi masu yawa. Ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙar da har yau ake sa ta cikin manyan waƙoƙin sarauta. Da zamani ya sauya, attajirai da manyan ma'aikata suka shiga sahun iyayen gida, shi ma ya bi da su.

Ladan makaɗin fada kyauta ce: doki da riga da hatsi a da, mota da kuɗi da kujerar Makka daga baya. Ana ba shi ne a ranar da ya yi waƙar. Abin da waƙar za ta jawo bayan shekara 20 ko 50 ba ya cikin lissafin kowa.

Wane ne Verdi?

An haifi Giuseppe Verdi a watan Oktoba na 1813 a wani ƙauye mai suna Le Roncole, kusa da garin Busseto a arewacin Italiya. Mahaifinsa mai ɗan masauki ne da kanti. Yaron ya fara koyon kiɗa a cocin ƙauyensu, har wani ɗan kasuwa mai son kiɗa, Antonio Barezzi, ya ɗauki nauyinsa. A 1832 ya nemi shiga babbar makarantar kiɗa ta birnin Milan aka ƙi ɗaukar sa, ciki har da dalilin cewa shekarunsa sun wuce ƙa'ida. Yau makarantar sunansa take amsawa.

Fannin da ya shahara a kai shi ne opera, wato wasan kwaikwayo wanda ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe. Akwai manyan 'yan wasa da ke rera nasu kason ɗaya-ɗaya ko bibbiyu, akwai taron 'yan amshi maza da mata da ke wakiltar jama'ar gari ko sojoji ko bayi, sannan ga ƙungiyar makaɗa masu goge irin na Turawa da sarewa da ƙaho da ganguna. Wani ne ke rubuta kalmomin, mai tsara kiɗan kuma ya ɗora wa kowace murya da kowane abin kiɗa sautinsa.

Farkon rayuwarsa da ɗaci ya zo. Ya auri Margherita, 'yar ubangidansa Barezzi, suka haifi 'ya'ya biyu. Tsakanin 1838 da 1840 'ya'yan biyu da uwarsu duk suka rasu, kuma a shekarar 1840 ɗin wasansa na biyu, wanda na barkwanci ne, ya faɗi warwas a gidan wasa na La Scala. Ya yi niyyar barin sana'ar.

Abin da ya dawo da shi shi ne Nabucco, labarin Bukhtanasar sarkin Babila da Bani Isra'ila da ya kwashe bayi, wanda aka fara nunawa a La Scala a watan Maris na 1842. Daga nan ƙofa ta buɗe. Rigoletto ya fito a 1851, Il trovatore da La traviata a 1853. A watan Disamba na 1871 aka fara nuna Aida a birnin Alƙahira bisa gayyatar Khedive Isma'il mai mulkin Masar, labarin 'yar sarkin Habasha da aka kama baiwa. Ya fitar da Otello a 1887, sannan Falstaff a 1893 yana da shekara 79. Ya bar wasannin opera sama da 25, ya rasu a Milan ranar 27 ga Janairu, 1901.

Inda suka yi kama

Dukansu biyu 'yan ƙauye ne da ƙasar noma ta raina. Ɗanƙwairo daga kiɗan gona ya fito. Verdi kuwa da ya sami kuɗi sai ya sayi gona a Sant'Agata kusa da mahaifarsa, ya zauna yana lura da shuka da dabbobi har tsufansa. Dukansu kuma sai da wani mai hali ya riƙe hannunsu kafin duniya ta san su.

Kamar da ta fi ƙarfi ita ce ta amshi. A cikin Nabucco, abin da ya fi zama a zukatan Italiyawa shi ne waƙar da taron bayi ke rerawa tare suna begen ƙasarsu. A lokacin Italiya a rarrabe take, arewacinta kuma yana hannun Ostiriya. Da fafutikar haɗa kan ƙasar ta yi ƙarfi, sai jama'a suka ɗauki wannan waƙa tamkar da su take. Wajajen 1859 har sunan Verdi aka riƙa rubutawa a bango, domin haruffansa biyar sun yi daidai da farkon kalmomin da ke nufin Vittorio Emanuele Sarkin Italiya. Da ƙasar ta haɗu a 1861, Verdi ya zama ɗan majalisarta ta farko. Shi da Ɗanƙwairo sun gane abu ɗaya: murya guda tana burge mutane, amma taron muryoyi shi ke sa mai sauraro ya ji da shi ake, har ya sa baki.

Akwai kuma dabarar faɗa wa mai iko magana. Labarin Rigoletto daga wasan marubucin Faransa Victor Hugo aka ɗauko shi, kuma a kan wani sarkin Faransa mai lalata da wawan fadarsa yake. Masu tace wasanni na gwamnatin Ostiriya a birnin Venis suka ƙi yarda a nuna sarki a wannan hali, sai aka mayar da shi wani basarake na Mantuwa, aka bar labarin yadda yake. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san wawan sarki, ya kuma san zambo. Makaɗin fada ba ya kama sunan ɗan sarkin da yake yi wa zambo. Yakan siffanta shi da wata dabba ko wata tafiya ko wani naɗin rawani, duk fada ta gane, amma babu mai iya kai ƙara. Haka kuma cikin yabo yakan saƙa wa sarki nasiha a kan haƙuri da adalci da riƙon talakawa, maganar da bafade ba zai iya faɗa a zaune ba.

Inda hanya ta rabu

Verdi ya rubuta kiɗansa. Turawa suna da hanyar rubuta sauti da alamomi a kan layuka biyar, wadda ke nuna tsawon kowane sauti da kaurinsa da saurinsa. Kamfanin ɗab'i na Ricordi da ke Milan ya buga ayyukansa, ya kuma adana rubutun hannunsa da wasiƙunsa. Shi ya sa mawaƙan da ba su taɓa ganin Italiya ba za su iya ɗaukar takarda a Alƙahira ko Tokiyo su tayar da Aida kamar yadda ya tsara ta.

Rubutun ya jawo kuɗi. Verdi mutum ne mai tsanani a kan yarjejeniya, yana karɓar kasonsa idan aka nuna wasansa, kuma yana cikin waɗanda suka mara wa kafa ƙungiyar kare haƙƙin marubuta da mawaƙan Italiya baya a 1882. Da dukiyarsa ya gina gida a Milan domin tsofaffin mawaƙa da makaɗa da ƙarfinsu ya ƙare, ya yi wasiyyar a riƙa ciyar da shi daga kuɗin ayyukansa. An buɗe gidan a 1902, a nan kabarinsa yake, kuma har yau akwai tsofaffin mawaƙa a ciki.

Ɗanƙwairo bai bar takarda ba. Abin da ya bari iri biyu ne: abin da ke kan 'ya'yansa da jikokinsa da suka ci gaba da kiɗan gidan, da abin da na'ura ta ɗauka a gidajen rediyo da talabijin da hannun masu sayar da kaset. Duk waƙar da ya yi a wata fada ba a kunna na'ura ba, idan waɗanda suka karɓa masa ita suka ƙare, ta tafi ke nan.

Su ma waɗanda aka ɗauka ba su tsira ba. Zaren kaset da na faifan rediyo yana lalacewa da zafi da ƙura da laima, na'urorin da ke juya shi kuma an daina ƙera su. A 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗi ga duniya a kan wannan haɗari, ta nemi a gaggauta kwashe abin da ke kan irin wannan zare. Kwafin da ke yawo a wayoyi da intanet ya taimaka wajen yaɗa waƙoƙin, amma an matse sautinsa, kuma abin da matsewar ke fara ci shi ne rarrabewar muryoyin 'yan amshi, wato ainihin inda gwanintar take. Ƙari a kan haka, matsalar tsaro da ta addabi yankin Maradun da Bakura ta sa zuwa wurin tsofaffin da suka san tarihin waƙoƙin ya ƙara wuya.

Ta fuskar doka kuwa, ƙofa a buɗe take. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta ba aikin waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, muddin an adana aikin ta wata hanya, kuma ɗaukar murya na cikin hanyoyin. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Ɗanƙwairo suna da kariya har zuwa 2061. Amma doka ba ta bin haƙƙin da ba a san adadinsa ba. Kafin magada su nemi kasonsu a wurin masu cin riba da waƙoƙin, sai an san waƙoƙin nawa ne, wace ce ta asali, wa ya ɗauke ta, a wace shekara.

Darasin da Gwandu ta riga ta sani

Ba sai an je Italiya ba kafin a san amfanin rubuta waƙa. Malam Abdullahi Ɗanfodiyo, wanda ya riƙe yammacin daular Usmaniyya daga Gwandu har rasuwarsa a 1829, shahararren mawaƙi ne da Larabci, kuma ya tattara waƙoƙinsa da bayanin dalilin kowace a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Kusan shekara 200 bayansa ana karanta su a zaurukan malamai, domin ya rubuta, almajirai kuma sun kwafa. Waƙoƙin Nana Asma'u ma ta haka suka iso. Waƙar malamai ta sami alƙalami, waƙar makaɗa ba ta samu ba, wani ɓangare saboda kallon da aka daɗe ana yi wa kiɗa da roƙo a matsayin sana'ar da ba ta kai a ɓata mata tawada ba.

An fara gyara wannan. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan masarautar Gwandu, ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa, ɗalibai kuma sun yi kundaye masu yawa a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya. Abin da ya rage shi ne aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya: a bi ɗakunan ajiya na Rediyon Kaduna da Rima Rediyo da cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, a kwafe asalin faifan da inganci, a rubuta kalmomin kowace waƙa da Hausar da aka yi ta, a nuna inda jagora ya tsaya da inda 'yan amshi suka karɓa, a sa sunan kowannensu.

A wannan aiki mutanen Gwandu da Kalgo suna da abin da wasu ba su da shi, wato kunne. Wanda ya tashi da wannan karin harshe shi zai bambance kalmar da aka haɗiye da wadda aka tsawaita, ya san sunan gari da na dutse da na fadama da aka ambata. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Kuma Jihar Kebbi tana da nata makaɗan da ke jiran irin wannan hidima, kamar Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo na Argungu da Yawuri, da Muhammadu Gambo Fagada.

Wata ɗaya bayan rasuwar Verdi, da aka ɗauki gawarsa zuwa gidan tsofaffin mawaƙan da ya gina, ɗaruruwan mawaƙa ƙarƙashin jagorancin Arturo Toscanini suka rera waƙar bayin nan ta Nabucco, dubban mutanen da suka cika titunan Milan suna sauraro. Sun iya rera ta ne domin tana kan takarda, shekara 59 bayan an tsara ta. Waƙoƙin Sardauna na Ɗanƙwairo sun riga sun haura wannan shekaru, kuma waɗanda suka tsaya bayansa suka karɓa su a gaban Firimiya, kaɗan ne za a tarar a raye.